Yadda Ake Kafa Mariƙin Labule Ya Zauna Daram a Bango

Idan za a yi jeren amarya, ko mutum ya tare a sabon gida, yadin labule ne ke cinye kuɗi da lokaci. A shiga Kantin Kwari a yi ta zagaye, a ɗaga wannan a ajiye wancan, a yi ciniki har murya ta dushe, a kai wa tela ya buga zobba. Ƙarafan da za su ɗauki nauyin wannan yadi kuwa, sai a bar wa yaron shago ya zubo duk wanda hannunsa ya kai a leda. Shi ya sa ba a rufa wata uku sai ka ga sandar labule ta karkace, gefe ɗaya ya sauko, filasta ta ɓalle ta bar rami a saman taga. Laifin ba na sanda ba ne yawanci. Mariƙin ne, wato biraket ɗin da ake kafawa a bango, da kuma yadda aka kafa shi. Nauyin labulen gaba ɗaya a kan sukurori huɗu ko shida yake, kuma irin bangon da ke gabanka shi ne zai faɗa maka yadda za ka ɗaura su.

Kafin ka tafi kasuwa

Fara da awo. Ɗauki tef ka auna faɗin taga daga gefe zuwa gefe, ka rubuta a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa idan tagogin sun wuce biyu. A kan wannan faɗi ka ƙara santimita 15 zuwa 20 a kowane gefe, wato inci 6 zuwa 8. Tsawon sandarka ke nan. Amfanin wannan ƙari shi ne idan aka yaye labule, zai taru a jikin bango ya bar tagar a buɗe, iska da haske su shigo. Wanda ya yanke sanda daidai bakin taga zai ga rabin tagarsa a toshe kullum, ga shi da rana haske na leƙowa ta gefe.

Sai ka yanke shawarar labule nawa za ka rataya. Idan falle ɗaya ne, mariƙi mai baki ɗaya ya isa, wanda ke fitowa daga bango kamar santimita 8 zuwa 10. Idan akwai shara-shara a baya da mai kauri a gaba, kamar yadda aka fi yi a falo yanzu, mai baki biyu za ka saya, shi kuma yakan miƙo santimita 15 ko fiye. Leƙa tagar daga gefe ka gani: akwai abin da ya turo cikin ɗaki? Hannun buɗe taga, ƙarfen tsaro da aka walda ta ciki, ko dakalin taga na tayil. Dole mariƙin ya fi wannan abu fitowa, in ba haka ba labulen zai kwanta a kansa ya yi tozo.

A shago, ka tafi da guntun sandar, ko ka sayi sanda da mariƙi wuri ɗaya. Sanduna suna da kauri daban-daban, akwai mai milimita 19, akwai 25 da 28, akwai manya masu 35. Mariƙin da bakinsa ya fi sanda girma zai bar ta tana rawa, wanda ya yi ƙanƙanta kuma ba za ta zauna ba. Ɗauki mariƙin ka gwada lanƙwasa shi da hannu. In ya ba da kai, mayar musu da abinsu. Akwai masu ƙyalli ruwan gwal waɗanda roba ce aka shafa wa fenti, ka ƙwanƙwasa da makulli za ka ji bambancin ƙara. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da irin wannan roba, wata rana a ja labule kawai ta ƙarye. Duba kuma gindin mariƙin, inda zai manne da bango: ya kasance da huji biyu aƙalla, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma da 'yar tazara tsakaninsu. Mai huji ɗaya juyawa yake yi.

Wannan tazara ba ado ba ce. Mariƙi hannu ne da aka miƙa, nauyi yana can ƙarshensa, kuma yana ƙoƙarin fizge sukurun sama daga bango. Idan hannun ya kai santimita 15, tazarar da ke tsakanin sukurun sama da ƙasan gindin kuma santimita 5 ce, to ƙarfin da ke jan sukurun sama ya ninka nauyin da ke kan mariƙin sau uku. Labule mai kauri na babbar taga, da shafinsa, yana iya kai kilo 5. Ƙara da yaron da zai riƙe shi ya miƙe tsaye, ko mai shara da za ta fizge shi da safe. Da wannan lissafi za ka gane dalilin da ya sa mai baki biyu ya fi saurin tuɓewa.

Sukurorin da ke zuwa a cikin leda tare da mariƙi, ni dai ba na amfani da su. Gajeru ne, kuma kansu yana cinyewa tun kafin su gama shiga. Sayi naka daban: masu tsawon milimita 40 zuwa 50, da fisha, wato 'yar robar nan da ake cusawa a huji, mai lamba 6 don labule mara nauyi, mai lamba 8 don mai nauyi. Bakin injin huda ya zama lambarsa ɗaya da fisha, kuma na kankare ne, ba na katako ko ƙarfe ba. Sauran kayan aiki: fensir, guduma, sukudireba, lebur (ma'aunin magina da ke nuna ko abu ya karkace), da tsani ko teburi mai ƙwari. Kujerar roba ba wurin tsayawa da injin huda ba ce.

San bangonka

Yawancin gidajenmu na bulo ne, mai inci 6 ko inci 9, kuma bulon nan cikinsa rami ne. Abin da sukuru zai kama shi ne filasta da fatar bulon, wadda ba ta da wani kauri. Idan bulon ya ji siminti, ba matsala. Idan irin wanda aka yi wa rowar siminti ne, kana hudawa za ka ga yashi na zubowa, hujin ya buɗe ya fi fisha girma.

Sa'ar da aka yi ita ce a saman kowace taga akwai linta, kankaren da aka zuba da rodi, kuma takan wuce bakin tagar kaɗan ta kowane gefe. Nan ne wuri mafi ƙwari a duk bangon. Ƙwanƙwasa da bayan sukudireba daga bakin taga ka yi sama: inda ƙarar take a cike, linta ce, inda ta koma kamar ganga, ka shiga bulo. Kaurin linta yakan yi daidai da tsayin bulo ɗaya, kusan inci 9, saboda haka mariƙin da aka kafa santimita 10 zuwa 15 sama da taga yakan faɗa cikinta. Matsalar ita ce na gefe, waɗanda ka fitar da su santimita 15 ko 20, wani lokaci sukan wuce ƙarshen lintar. In ka ga haka, ba dole ba ne mariƙi ya zauna a ƙarshen sanda. Jawo shi ciki kaɗan ya kama linta, sandar ta wuce shi da santimita 5 zuwa 8, zoben farko na labulen ya zauna a bayansa. Hakan ma ya fi, domin wannan zobe shi zai riƙe gefen labulen kada ya biyo hannu idan an ja.

Masu son labule ya tashi daga kusa da silin, don ɗaki ya yi kamar ya fi tsayi, su san cewa sun bar linta a ƙasa, bulo za su huda. A nan fisha mai lamba 8 ce ta dace, kuma idan ka iya gano layin siminti da ke tsakanin bulo da bulo, ko tsakiyar bulon inda babu rami, nan ya fi.

Ginin ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti labarinsa daban. Fisha ba ta da abin kamawa a cikin laka, yaɓen kuma ɓawo ne kawai. Hanyar da ta fi ita ce a sami katako mai ƙwari, faɗinsa kamar inci 3, tsawonsa ya kai na sanda, a kafe shi a bango da dogayen ƙusoshi da yawa, a karkata su wasu sama wasu ƙasa don kada su zare tare. Sai a ɗaura mariƙi a jikin katakon da sukurun katako. Nauyin ya rarrabu ke nan. A shafa wa katakon maganin gara kafin a kafa, a yi masa fenti kalar bango. Ko da hakan, a irin wannan bango labule mara nauyi ya fi kwanciyar hankali.

POP kuwa, wato farin adon silin, ko kusa kada ka ɗaura mariƙi a jikinsa kai tsaye. Ado ne, ba ya ɗaukar kaya. Idan ana son layin dogo, wato ƙarfen da labule ke gudu a kansa, ya ɓuya a cikin silin, tun lokacin da masu POP ke aiki ake gaya musu su bar aljihu mai faɗin santimita 15 zuwa 20, su sa katako a ciki wanda aka ɗaure da rufi ko kankaren dakin. In an riga an gama ba a yi haka ba, koma bango.

Abu na ƙarshe kafin huda: wayar wuta. A gidajen da aka binne waya a bango, bututun yakan tashi a miƙe daga makunni ko soket ya yi sama. Idan akwai makunnin na'urar sanyaya ɗaki ko soket daidai ƙarƙashin inda ka yi alama, matsa gefe. A banɗaki da kicin ka tuna da bututun ruwa.

Alama da huda

Auna tsayin da kake so sama da taga a gefe ɗaya, ka ɗora mariƙin a wurin, ka sa fensir ta cikin hujin ka yi ɗigo. Kada ka yi alamar ɗaya gefen ta hanyar aunawa daga ƙasa, ko daga silin. Daɓen gidajenmu ba safai yake zuwa daidai ba, taga ma wani lokaci a karkace magini ya sa ta. Da lebur ake ɗauko alama zuwa ɗaya gefen. Idan leburinka gajere ne, ɗora shi a kan sandar labulen kanta, wani ya riƙe maka ɗaya bakin. In babu lebur sam, yi dabarar magina: siririn tiyo mai haske, a zuba ruwa a ciki, a tabbata babu kumfar iska. Inda ruwa ya tsaya a baki ɗaya, daidai nan zai tsaya a ɗayan, ko da tsakaninsu ɗaki guda ne.

Wani lokaci za ka yi komai daidai da lebur, ka sauko ka duba, ka ga sandar kamar a karkace, saboda silin ɗin ne ya karkace kuma sandar tana kusa da shi. Ido da silin yake gwadawa, ba da lebur ba. A irin wannan hali ni nakan raba bambancin biyu, in ɗan bi silin kaɗan. Idan karkatar ta yi yawa, sauko da sandar ƙasa, nesa da silin, sai abin ya ɓace.

Tsayin da ka zaɓa ya dace da tsawon labulen da aka ɗinka. Labule mai zobba yana ɗan haura sanda da santimita 3 ko 4, wannan a lissafa. Ƙasansa ya tsaya kamar santimita 1 ko 2 sama da daɓe. Ana yayin labule mai jan ƙasa a hotuna, amma a garin da hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa, kuma ana goge tayil da ruwa kullum, bakin labulen zai yi baƙi cikin mako biyu.

Yanzu huda. Ɗora fisha a jikin bakin injin, ka naɗa salatif a inda tsawonta ya ƙare, ka ƙara kamar rabin santimita. Wannan ce iyakar zurfinka. Fara a hankali ba tare da kunna bugun guduma na injin ba, har bakin ya ci filasta ya zauna, in ba haka ba zai zame ya bar alamar. A linta sai ka kunna bugun. A bulo mara ƙwari kuwa bar shi a kashe har ƙarshe, domin bugu yana farfasa fatar bulon ta ciki. Riƙe injin a miƙe. Ka liƙa ambulan ko leda da salatif a ƙarƙashin wurin ta tari ƙurar, uwargida za ta gode maka.

Idan kana cikin linta ka ji injin ya tsaya cak, ƙarar ta canza, ka ci karo da rodi. Kada ka matsa masa. Fito ka matsa sama ko ƙasa da santimita 2, kuma ka tuna ɗaya gefen ma sai ya matsa daidai haka. Saboda wannan ne ake fara huda hujin sama na kowane gefe, a tabbatar sun shiga, kafin a taɓa na ƙasa. A kan tayil, liƙa salatif a wurin, kashe bugu, ka bi a sannu har ka ratsa tayil ɗin.

Busa ƙurar da ke cikin hujin, ka kau da idonka. Fisha ta shiga da ɗan bugun guduma, ta zauna daidai fuskar bango. In ta shige da turin yatsa kawai, hujin ya yi faɗi. Nan ne mutane ke cusa tsinken ashana ko guntun takarda, abin da ba ya kai ko'ina. Ko dai ka koma fisha mai lamba 8 da sukuru mai kauri, ko ka fere busasshen katako mai ƙwari ka buga shi ya cika hujin tam, ka yanke abin da ya fito, ka ɗaura sukuru a cikinsa. Tsofaffin kafintoci da haka suke yi tun kafin fisha ta yawaita, kuma yana riƙewa. Idan wurin ya rududduge gaba ɗaya, cike shi da siminti, a ba shi kwanaki ya bushe, ko a sauya wuri.

Na san da yawa za su ce ai ƙusar kankare ta fi sauƙi, ba sai an nemo inji ba, ba sai an jira an kawo wuta ba. Gaskiya ne ta fi sauri. Amma ƙusa santsi gare ta, ba ta da zaren da zai hana ta zarewa, kuma mun ga cewa jan da ake yi wa mariƙi na fizgewa waje ne. Ga shi tana fasa filasta wajen shiga, ranar cirewa kuma ta fito da guntun bango. Wanda ke gidan haya ya fi kowa bukatar guje mata, don hujin fisha da ɗan farin siminti ake toshe shi, ramin ƙusa kuwa sai an kira magini, mai gida kuma ya sami abin magana. Injin huda ana bayar da haya, akwai kuma mai batir a hannun masu haɗa sola da masu sa dish.

Ɗaurawa

Ɗaura sukurun sama tukuna, kada ka ƙarasa matse shi. Yi haka a ɗaya gefen, ɗora sandar babu labule, ka sake duba lebur. Yawancin mariƙai hujinsu ɗaya dogo ne, an yi shi ne don ka iya ɗan motsawa sama ko ƙasa. In komai ya yi, sa na ƙasa, ka matse duka da hannu. Matsewa da inji yana iya juya fishar a cikin bango, kuma da zarar ta fara juyawa ta daina riƙo.

Sandar da ta wuce santimita 150 zuwa 180 tana son mariƙi na uku a tsakiya, haka ma duk inda aka haɗa sanduna biyu, mahaɗin ya zauna a kan mariƙi. Kada ka auna wurinsa da sanda, don ita kanta ta riga ta ɗan lotsa. Ja zare daga mariƙin dama zuwa na hagu, ka ɗaure shi tamau, ka bi layinsa. Ka sani kuma zobba ba sa tsallake mariƙin tsakiya, saboda haka labulen ya zama falle biyu, kowanne da gefensa. Wanda ke son falle ɗaya da zai zarce daga bango zuwa bango, layin dogo na alminiyam ya kamace shi, shi kuma ana sa masa mariƙi duk bayan kamar rabin mita.

Kafin ka rataya yadi, kama kowane mariƙi ka ja shi ƙasa da ƙarfi daidai misali. Idan ya motsa yanzu, gobe ma zai motsa. Sai ka zura labule, mai shara-shara a sandar baya tukuna, ka ɗora, ka matse ɗan ƙaramin sukurun da ke ƙarƙashin bakin mariƙi wanda ke danne sanda. Ana yawan mantawa da shi, kuma rashinsa ne ke sa sanda ta zame ta faɗo idan an ja labule da sauri.

Labulen naɗi

Wanda ake ja da 'yar sarƙa ya naɗe sama, da mai ratsi biyu da ya shigo yayi a ofisoshi da kicin, mariƙinsu daban ne: ƙananan ƙarafa ne da ake danna kan labulen a ciki har ya yi ƙaras. Ana iya sa shi a cikin ramin taga ko a waje. Idan ciki ne, auna faɗin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka rage santimita 1, kuma ramin ya kasance da zurfin santimita 6 ko 7 babu ƙarfen tsaro a hanya. Tagoginmu da yawa ƙarfen ya cinye wannan wuri, sai dai a sa a waje, a ƙara santimita 5 zuwa 10 kowane gefe.

Shi wannan ba ya yafe karkata. Labulen yadi zai ɓoye kuskuren rabin santimita, na naɗi kuwa zai riƙa gangarawa gefe ɗaya yana naɗuwa, bakinsa ya goga da mariƙi ya tsattsage. In ka ga yana yin haka bayan ka tabbatar da lebur, warware shi duka har bututun ya bayyana, ka liƙa ɗan guntun salatif a kan bututun a gefen da yadin ke gudu daga gare shi, ka sake gwadawa.

Sarƙar kuma kada a bar ta tana lilo. Tamkar zarge take, kuma ƙananan yara sun sha shaƙewa da irinta, shi ya sa a Turai da Amurka aka kafa dokoki a kanta. A cikin kwalin akwai 'yar roba da ake ɗaurewa a bango don ta riƙe sarƙar a miƙe, masu sawa sukan jefar da ita. Ka ce a sa, a tsayin da bai gaza santimita 150 daga ƙasa ba, kuma kada a ajiye gadon yaro ko kujera a ƙarƙashin wannan taga.

Bayan mako biyu da kafawa, hau ka sake gwada sukurorin da sukudireba, domin fisha takan ɗan saki bayan ta fara ɗaukar nauyi. Haka kuma duk lokacin da aka sauke labule don wanki, kamar gabanin Sallah ko bayan hunturu. A bari ya bushe sarai kafin a mayar, jiƙaƙƙen yadi nauyinsa ya fi na busasshe nesa ba kusa ba.